Tsibirin Amare

Me ya sa na sauka daga jirgin nan? Shekara huɗu ke nan ina yi wa kaina wannan tambaya, in na idar da sallar asuba, in ina wanke shinkafa, in na jiyo ƙarar inji daga bakin kogi. Mutane sun ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, ban ja da ikon Allah ba. Amma ni na ɗaga ƙafata na taka yashi, ba wanda ya ture ni, kuma har yau ban san ko daidai na yi ba. Ina kuka a kai, ba na ɓoyewa.

Jikata Rabi ce take rubuta wannan, don ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Bikinta saura wata biyu. Tun satin jiya ita da angon nata, Sadiku, suke zama a zaure da waya a hannu, suna duba hotunan tsibirai na ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. Farin yashi, ruwa kamar an zuba masa shuni. Wai can za su hutun amarci in Allah ya hore, in bai hore ba su ci gaba da kallo. Rabi ta kawo min wayar ta ce, "Inna, zaɓa muna guda, ke da kinka san harkar." Na ce mata ni ba na zaɓen tsibiri da ido. Sadiku ya yi dariya ya ce, "Haba Inna, mi ne ne abin wahala cikin wanga aiki? Ka ɗauki mutum biyu, ka aje su bisa yashi, ka komo gida." Shi ya sa na ce ta ɗauko biro.

Mai gidana, Allah ya jiƙansa, ɗan fito ne, gadon uba da kaka. Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Mutanen Argungu Baba Mai Fito suke ce masa, a gida kuma Malam nake ce masa. Ni kuwa 'yar manoman albasa ce daga Augie, ban san wani ruwa ba sai na rijiya da na fadama. Sati uku da tarewata ya miƙo min wani tsohon ƙoƙo da bakinsa ya cinye, ya ce in zauna a tsakiyar jirgi in riƙa kwarfe ruwa. Ƙanensa da ke yi masa aikin ya rasu, ba shi da kowa. Mutane sun yi surutu, wai matar aure a cikin jirgi, amma matan da ke ƙetarewa kasuwa sun fi sakin jiki in suka ga mace a ciki, sai surutun ya mutu da kansa.

Shekara guda cur ban taɓa komai ba sai ƙoƙon nan. Kuna ganin kwarfa ba aiki ba ce. Jirgin itace kullum yana shan ruwa ta wani wuri, kuma mai kwarfa ita ce kunnen jirgi. In ruwan ya ƙaru daga yadda ya saba, ita za ta fara sani. Ba a zubar da shi da ƙarfi, don jirgi zai karkata. Ba a ɗago kai a kalli gaɓa. Bayana ya fara ciwo tun a lokacin, bai daina ba har yau. A shekara ta biyu ya ba ni filafili, na koyi tuƙi a ruwa mai sanyi. Gwangwalar da ake dogara jirgi da ita kuwa bai taɓa ba ni ba, har muka rabu. Mun ɗauki buhunan albasa, dammunan shinkafa, awaki masu fitsari a ƙafar mutane, mun ɗauki mai naƙuda, mun ɗauki gawa.

Amare na farko da muka kai tsibiri ba mu muka neme su ba. Wata safiyar Asabar ce, sanyi ya fara tafiya, wani dogon mutum da rigar 'yan boko ya zo mashigi da wata gajeriyar mace mai dariya. Ticha Luka ne da matarsa Rifkatu, ma'aikaciyar jinya, Kiristoci ne 'yan ƙasar Filato da aiki ya kawo Birnin Kebbi. Ya nuna wani tudun yashi a tsakiyar kogi ya ce, "Baba, can muke so ka kai mu."

"Can ina? Babu gari can, babu kasuwa."

"Ai shi ya sa, Baba."

Malam ya juyo ya dube ni, ya yi ƙasa da murya, amma kowa ya ji. "Kulu, ko gudowa sunka yi?"

Rifkatu ta yi dariya har da riƙe ciki, ta nuna min zobe. Ta ce sati guda ke nan da ɗaura musu aure a coci, ɗakinsu a Badariya ciki da falo ne, kuma dangi fiye da goma suna kwance a ciki tun daga ranar, ba wanda ya ce zai tafi. Ta ce, "Mama, ko sannu ban samu na yi masa ba sai a gaban gwaggonsa." Muka kai su. Da muka koma ɗaukarsu da la'asar, rana ta gasa su, ruwan shansu ya ƙare tun azahar, amma suna riƙe da hannun juna. Na ji tausayinsu. Na ce wa Malam in wasu suka sake zuwa zan tafi da zana biyu da randa.

Wasu kuwa suka zo. Rifkatu ta faɗa wa abokan aikinta, su ma suka faɗa wa wasu. Daga baya 'ya'yan Musulmi suka shigo, su sai an gama satin amarya, 'yan zaman ɗaki sun watse. Wani maƙwabcinmu ya taɓa tare Malam a masallaci ya ce wannan al'adar Nasara ce. Malam ya ce masa, "Miji da matarsa bisa ƙasar Allah, mi ne ne na Nasara ciki?" Daga ƙarshen sanyi zuwa shigowar zafi wannan ya zama rabin sana'armu. Wasu yini guda, wasu kwana biyu ko uku.

To, Sadiku, ga abin da ba ka sani ba. Tsibirin bara ba shi ne na bana ba. Duk damina kogi yana kwashe wani ya gina wani, ya mayar da zurfi tudu, ya mayar da tudu zurfi. In ruwa ya janye, Malam yakan ɗauki kwana uku ba ya karɓar baƙo, sai yawon zaɓe. Abu na farko da yake nema shi ne saiwa. In babu giyayya, ko gumbi mai kauri, ko aƙalla ciyawar burgu da ta kama ƙasa, ba ya ko tsayawa. Yakan ce yashin da ba shi da saiwa baƙo ne, jiya ya zo, gobe zai wuce. Sannan ya je tsakiyar tsibirin ya haƙa rami da hannu. In ruwa ya ɓuɓɓugo kafin hannunsa ya shiga zuwa gwiwar hannu, wurin ya yi ƙasa. Sannan ya zagaya gefe yana duba sawu, don akwai wuraren da dorina ke hawa, kuma ba a raba gado da ita. Na ƙarshe shi ne turke. Yakan kafa sanda daidai bakin ruwa, ya yi mata tsaga da wuƙa, kullum da safe ya je ya duba. Tun da aka yi madatsun ruwa can sama, kogi yana iya tashi da rani ba tare da ko ɗigon ruwan sama ba, kuma mu na ƙasa ba kullum labari ke iso mu ba. Turken nan shi ne rediyonmu.

Wanda ya fi zama mana a yawancin shekaru wani tsohon tsibiri ne mai giyayya uku. Yashinsa ba fari ba ne, ja-ja ne, da kashin tsuntsaye a ƙarƙashin itace. Ba ya kyau a hoto. Amma bai taɓa nutsewa da rani ba.

In an zaɓa, sauran aikin nawa ne. Nakan share wurin da tsintsiyar kaba sau biyu saboda ƙaya da kunama. In kafa rumfa da zana huɗu, ƙofarta ta ba mashigi baya, don masu wucewa a jirgi suna da ido. Tabarma sabuwa, gidan sauro, buta biyu, dutse guda da ke nuna gabas. Murhuna yana can wutsiyar tsibiri, inda iska ba za ta kai musu hayaƙi ba. Tuwon shinkafa da miyar kifi, wani lokaci karfasa gasasshiya da albasar garinmu, da rana fura da nono. Da yamma in turara ganyen dogon yaro don sauro. In zan kai abinci ba na zuwa haka kawai. Sai na buga filafili a jikin jirgi sau uku, in jira, in sake bugawa. Mafi wuya a wannan sana'a shi ne ka kasance kusa, amma kada a san kana nan.

Na ga iri-iri. Akwai amaryar da ta yini tana kuka wai tana son uwarta, angon ya zo wurin murhuna ya tsuguna ya ce, "Inna, mi zan yi?" Na ba shi ƙwaryar fura na ce ya je ya zauna kusa da ita ya rufe bakinsa. Akwai wasu da suka yi faɗa kan wanda ya manta da sabulu, har ita ta ce a mai da ita gida, Malam ya ce jirgi na hutawa sai gobe. Da safe su suka roƙi ƙarin kwana. Ni daga yadda suke zama a jirgi ranar komawa nake gane auren da zai yi nisa.

Dokokinmu a jirgi biyu ne kawai. Na ɗaya, akwai babban gora na masunta ɗaure a gaba, irin wanda ake kifa ciki a kai a yi iyo. Wannan ba namu ba ne, na baƙo ne, ko da me ya faru. Na biyu, baƙo a ƙasan jirgi yake zama, kuma ba ya miƙewa. Mutumin gari in ruwa ya taɓa masa wando, abu na farko da jikinsa ke ce masa shi ne ya tashi tsaye, kuma nan jirgi ke kifewa. Don haka ni a bayan baƙo nake zama, hannu ɗaya da ƙoƙo, ɗaya kusa da gefen rigarsa. Ya motsa in danne. Na danne alhazai, na danne wani ɗan sanda mai tumbi. Shekara arba'in da wani abu ba mu taɓa jiƙa baƙo sama da gwiwa ba.

Daga baya abubuwa suka lalace. Hanya ta zama abin tsoro, mutane suka rage fita. Samari suka sayo jirage masu inji, suka kwashe fiton albasa da na kasuwa, don su sau uku za su ƙetare kafin mu yi ɗaya. Ƙirjin Malam ya fara ciwo, in ya dogara gwangwala sau ashirin sai ya tsaya ya yi tari. Jirginmu ya tsufa, duk jikinsa faci ne na gwangwani da kwalta, in ruwa na da ƙarfi ba ya ɗaukar fiye da mutum uku. A shekarar ƙarshe amare huɗu kawai muka samu. Na gaji. Na ce masa mu bari. Ya ce to, bana kaɗai.

Ranar Laraba ce suka zo da hantsi, Nura da Zainab, daga unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi. Kwana goma da aurensu, lallen hannunta ko dusashewa bai yi ba. Nura ya ciro waya ya nuna wa Malam hoton wani sabon yashi da ya fito a wannan shekarar, sama kaɗan da tsibirinmu. Fari fat, shimfiɗe kamar zanen gado, ko tsinke babu a kai.

"Nan za ka kai mu, Baba."

"Ba ni kai ku nan. Wanga yashi bai da saiwa. Kuma turkena ya sha yatsa biyu tun jiya."

"Turke kuma? Baba, wata uku ba a ga hadari ba."

"Ba daga sama ruwan zai zo ba, ɗana. Ku zo in kai ku wurin giyayya, akwai inuwa."

"Wurin kashin tsuntsu? Hoto muka zo ɗauka, Baba. In ƙarfi ne babu, ka faɗi, ba abin kunya ba ne ga tsoho."

Nan bakina ya kubce. Na ce masa, "Kai, ɗan nan, tun uwarka ba ta san ɗaurin zane ba yake cikin wanga ruwa. Wandonka ma da ka matse ba ka iya iyo da shi." Zainab ta rufe baki tana dariya, shi kuwa ya ji haushi. Wani mai inji da ake kira Ɗan Jumma yana gefe yana ji. Ya ce su zo. Malam ya bi shi har bakin jirgi ya ce in ya kai su kada ya yi nisa. Ya ce to. Ya sauke su a farin yashin da lema da kwandon abinci, sannan ya ɗauki lodin albasa ya yi sama, wai zai dawo da la'asar.

Malam bai ci abincin rana ba. Bayan azahar ya je ya duba turke, ya tarar ruwa ya rufe tsagar, ya hau da kusan tafin hannu. Ruwan ya canza launi, yana tafe da kumfa da karare. Mashigi babu kowa, masu inji duk sun bi kasuwa. Ya ce, "Kulu, ɗauko ƙoƙo."

Kafin mu isa, farin yashin nan babu shi. Sai mutum biyu tsaye a tsakiyar kogi, ruwa ya kai musu ƙwauri, lemarsu ta tafi. Zainab tana ihu, Nura ya ɗaga waya sama yana neman a ji shi. Yashin yana zaizayewa a ƙarƙashin ƙafarsu. Malam ya ce mutum ɗaya zai fara ɗauka, in huɗu muka shiga duka za mu tafi. Nura, in faɗi gaskiya, bai yi gardama ba, shi ya ɗaga matarsa ya sa a jirgi. Malam ya ce ya tsaya inda yake, ya buɗe ƙafa, kada ya taka ko'ina.

Gaɓa ta yi nisa, sai muka nufi tsibirin giyayya. Ina kwarfa da hannu ɗaya, ɗayan yana kan yarinyar. Da jirgi ya taɓa ƙasa na kama ta na fitar da ita, sai ta ƙanƙame ni. Ta naɗe zanena a hannunta biyu tana cewa, "Inna, kar ki bar ni, don Allah kar ki bar ni." Na yi ƙoƙarin ɓamɓare yatsunta, na kasa. Ƙafata ɗaya tana cikin jirgi, ɗaya a kan yashi. Can kuma ruwa ya kai wa mijinta gwiwa. Malam ya yi min magana, ni kuma na ɗauke ƙafar da ke cikin jirgin. Ya tura ya tafi, ƙoƙona yana yawo a ƙasan jirgi.

Sauran a idona aka yi. Ya isa, ya ɗauki Nura, ya zaunar da shi a ƙasa. Suka juyo. Ruwa yana shiga ta facin, babu mai kwarfa. Sun yi rabin hanya ruwan ya taru ya jiƙa wa yaron mazauni, sai na ga ya miƙe tsaye. Na yi ihu, amma iska ba ta kai ba. Babu hannun da zai danne shi. Jirgin ya karkata sau ɗaya ya kife. Na ga kan Malam ya fito, na ga ya kwance goran ya tura shi ƙarƙashin ƙirjin yaron, ya dunƙule masa hannuwa a kai, ya ingiza shi wajen da ruwa ke gangarowa tsibirinmu. Yaron ya zo ya maƙale a gumbi, ni da matarsa muka jawo shi. Da Malam yana da ƙirjinsa na da, wannan ruwan ba komai ba ne a wurinsa. Washegari da hantsi masunta suka samu gawarsa can ƙasa da tsibirin, aka yi masa sutura kafin azahar.

Ban sake shiga jirgi ba. Ban san wanda ke kai amare yanzu ba, ko ma akwai. An ce giyayya ɗaya ta faɗi.

Ranar addu'ar uku Nura ya zo da mahaifinsa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakina, ya kasa ɗago kai, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Bakina cike yake da magana, kuma duk Argungu an san bakina. Matan da ke zaune suna jiran abin da zai fito. Na ce masa ya tashi, Allah ya ba su zaman lafiya, na sa aka kawo masa ruwa. Har yau ana cewa Kulu ta yi haƙuri. Ni na san ba haƙuri na yi ba, a ranar ba ni da shi. Abin da aka ce in yi ne na yi. Lokacin da ƙafata ɗaya take cikin jirgi, yana haki, gwangwala a hannunsa, ya dube ni ya ce:

"Zauna da ita, Kulu, ki ba ta zane busasshe. In na kawo yaron kuma, kar ki yi mai faɗa gaban matarsa. Sabon ango ne."